Gargaɗi ga 'yan'uwa mazauna Jidda da Makka kan masu sayar da fuloti a Zanzibar

Jama'a, akwai wani dillali da ke zagaya majalisun Hausawa a Karantina da Shara Mansur yana tallar fuloti a bakin teku a Paje, gabashin tsibirin Unguja na Zanzibar. Ɗan damfara ne. Riyal 15,000 yake karɓa kafin alƙalami a kan fuloti mai murabba'in mita 400, wato dala 4,000 cif a canjin 3.75. Riyal 15,000, daga hannun direbobi da masu ɗinki da matan da suka shekara suna adashi.

Kada wani ya zo yana cewa kwaɗayi ne ya ja mu. An nemi takarda, ya kawo. Bayan sallar isha'i ya shimfiɗa ta a gabanmu, da hatimi da sa hannu da taswira, ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, a ƙasa mai tsarki zan cuce ku?" Wannan maganar ita ke ci mini rai har yanzu. Ya dafa ƙirji fa, yana kallon idon dattawa.

To ga inda ƙaryar take. A Zanzibar ƙasa ta gwamnati ce tun bayan juyin juya halin 1964, kuma dokar filaye ta 1992 ta bar ta a hannun shugaban Zanzibar. Baƙo ba ya mallakar fili na dindindin. Abin da yake samu haya ce ta shekaru, iyakarta 99, kuma mai zuba jari daga waje sai ya bi ta ZIPA, hukumar kula da zuba jari ta Zanzibar. Shi kuwa takardarsa cewa ta yi mallaka har abada, 'ya'ya da jikoki su gada. Sannan hatimin na wata ma'aikata ce a Darussalam, alhali harkar ƙasa ba ta cikin abubuwan da Zanzibar ta haɗa da ɓangaren tudu na Tanzaniya. Tana da ma'aikatarta da hukumar filayenta daban. Wa zai san wannan yana zaune a Jidda, idan ba wanda ya bi sawun abin ba?

Bidiyon filin ma da ya turo, bayan kuɗin farko ne, don sai da aka biya ya ce zai je ya ɗauko. Fili fari fes, rairayi kamar garin tuwo, teku can nesa. Gabar gabas ta Unguja haka take: sau biyu a yini ruwa na janyewa ɗaruruwan mitoci, sau biyu yana dawowa. Lokacin janyewar ya ɗauka. Da aka sa lambobin wurin da ke jikin taswirarsa a Google Maps, sai ga fulotin a cikin ruwa, a wajen da matan garin ke kafa turaku suna noman ciyawar teku. Riyal 15,000 a kan wurin da ruwa ke shanyewa kullum. Ko da a tudu ne ma, doka ta hana gini daf da iyakar cikar ruwa, ƙasan wurin dutsen murjani ne mai wahalar haƙa, rijiya kusa da gaɓa kuma ruwan gishiri take bayarwa. Bai faɗi ko ɗaya ba, sai lissafin kuɗin da Turawa masu yawon buɗe ido za su riƙa biya a dare.

Kuɗin kuma hannu da hannu ya karɓa, wasu ta hawala, rasit ɗin rubutun biro ne. Da aka matsa masa sai ya ce a ƙara riyal 3,000 na safiyo. Wasu sun ƙara. Yanzu layinsa a kashe.

Hirarrakin WhatsApp da hoton takardar da rasit duk suna hannuna, zan sa su nan da zarar na rufe sunayen waɗanda suka biya.

Kada ku ba kowa ko riyal ɗaya. Duk takardar da ta ce baƙo ya mallaki fili a Zanzibar har abada jabu ce. Ku nemi lambar fuloti, ku sa lauyan can ya duba ta a hukumar filaye, a tambayi sheha, wato mai unguwar wurin, a je wurin lokacin da ruwa ya cika. Wanda ya riga ya biya ya adana rasit ɗinsa, mu haɗu mu kai ƙara tare.