Robar ajiya da tishu ko akwatin gilashi da yashi ga ƙaramar tsakar damisa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi inda ya fi dacewa ka ajiye ƙaramar tsakar damisa (leopard gecko), tsakar nan mai ɗige-ɗige da ake kiwo a gida. Tsakanin akwatin gilashi mai yashi da robar ajiya mai shimfiɗar tishu, ɗauki roba. Duka biyun sun ratsa hannuna.

Tawa ta zo min ba ta fi yatsana na tsakiya tsawo ba. Na saka ta a robar nan mai murfi da ake zuba tufafi, na huda murfin da ƙusa mai zafi don iska. Tsakar damisa ba irin tsakar bango ba ce, ƙafarta ba ta mannewa, don haka ba ta iya hawa roba mai santsi. Har fatar ido gare ta, lumshewa take ta yi barci. Na yi mata maɓoya uku, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, sai wata 'yar roba mai ƙofa da jiƙaƙƙen tishu a ciki domin saɓa. A kusurwa ɗaya take kashi kullum, baƙi da ɗan fari a gefensa, kuma a kan farin tishu da kallo ɗaya ka san ko cikinta lafiya.

Hunturun farko ne ya sa na ƙaunaci tishun nan. Ƙanana suna saɓa kusan duk mako ɗaya ko biyu, ga iskar hunturu ta busar da komai. Wata safiya na ga tana ɗingishi a kan farar shimfiɗar, na duba, ashe tsohuwar fata ta ɗaure mata yatsu biyu kamar zare. In an bar ta haka jini yake tsayawa, yatsan ya bushe ya faɗi. Na tsoma ƙafafunta a ruwa mai ɗan ɗumi na 'yan mintoci, na sa auduga na zare fatar a hankali. Yau yatsunta cif suke, wutsiyarta ta yi ɓul-ɓul.

Gilashin kuwa, kyau ne da shi a falo, iyakarsa ke nan. A kansa na rasa ta farko: tana cafkar abinci tana haɗiye yashi, cikinta ya toshe, ta daina ci, kafin in gane ta tafi. Asalinsu ƙasa ce mai tauri da duwatsu a Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya, ba rairayin Sahara ba.

A cikin robar, ƙasan gefen ɗumi ya tsaya kan digiri 30 zuwa 32, na sanyi 24 zuwa 26. Tabarmar ɗumi ta lantarki a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na robar, kuma dole da na'urar daidaita zafi, in ba haka ba za ta ƙona mata ciki. A bazara kashe tabarmar gaba ɗaya, ka kai robar ɗakin da ya fi sanyi, zafin Afrilu ya fi sanyin Janairu haɗari a gare ta.

Abinci kullum da yamma: ƙananan gyare, kada tsawonsu ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunta. Tsutsar dusa (mealworm) ma tana yi a faranti mai santsi, amma gyare ya fi sa ta farauta. Ka ciyar da ƙwarin karas da dusa kwana ɗaya kafin ka ba ta, sannan ka barbaɗa musu garin kalsiyam mai bitamin D3, rashinsa ke lanƙwasa ƙafa ya tausasa muƙamuƙi. Gyaren da ya rage ka cire shi, yana cizonta tana barci. Kada ka kamo fara daga gona saboda feshi. Kuma ɗaya tak a roba ɗaya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai 'yar'uwarta mai kaurin wutsiya da ke dazukan Afirka ta Yamma, ana kama ta a Ghana da Togo da Benin. Launin ƙasa ne da ita, wata da farin layi a gadon baya. Da yake ƙaramar tsakar damisa ma ratsi-ratsi take, ɗige-ɗigen sai ta girma, wasu sukan miƙa maka ta daji da farashin ta kiwo, ga tsutsar ciki, ga ƙin ci. Ka ce a turo maka bidiyonta tana cin abinci, ka kalli wutsiyar. In siririya ce kamar tsinke, bar ta. Duk wanda ya ce maka yashinsa na kalsiyam ne yana narkewa a ciki, kada ka saya.

Tsakar damisa tana kai shekara 15 zuwa 20. In ta cika shekara guda kana son gilashin, saya, amma ka shimfiɗa mata tayil.