Izinin sola ya fito kafin mu gama ɗora tsani a mota

Assalamu alaikum ƴan uwa na Damagaram. Ya zafi, ya haƙuri da ɗaukewar kuran? Allah ya kawo sauƙi.

Kamar yadda wasunku suka sani, yanzu ina birnin Tuson a jihar Arizona ta Amurka, ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai ɗora panno a saman gidajen mutane. Garin hamada ne. A watan Yuni zafi yana wuce digiri 40, iska kuma takan taso da jar ƙura ta rufe sama, har mutum ya ji kamar yana gida a farkon damina. Wani abu na gani da idona a wurin aikin nan wanda ya hana ni sukuni, shi ya sa na ce sai na rubuto muku.

Wata safiya muka samu aikin gidan wani dattijo. A nan ba a taɓa rufin gida ko wayar lantarki sai da izinin hukumar gari, don haka na sa a raina sai an kwana biyu kafin mu hau. Matar da ke riƙe da takardun kamfanin ta zauna gaban kwamfuta, mu kuma muna waje muna loda kaya. Ta shigar da irin pannon da yawansu, da irin inbata (na'urar da ke juya wutar panno ta zama irin wadda ake amfani da ita a gida), da kaurin waya, da nisan da za ta yi, da irin katakon da ke riƙe da rufin. Ta danna. Kwamfutar ta ƙi. Nan take ta nuna mata da jan rubutu cewa wayar da ta zaɓa ta yi siriri ga ƙarfin wutar da za ta bi ta cikinta. Matar ba ta yi musu ba, ta canza zuwa mai kauri, ta sake dannawa, ta biya kuɗin da katin banki. Kafin mu gama ɗaure tsani a kan mota ta fito da takarda a hannu ta ce izini ya fito, mu tafi.

Na ce mata, "Madam, wa ya sa hannu?" Ta ce babu kowa. Na sake tambaya ko akwai wanda ta sani a ofishin. Ta ce ba ta taɓa taka ƙafarta can ba.

Manhajar sunanta SolarAPP+. Cibiyar binciken makamashi ta gwamnatin Amurka da a lokacin ake kira NREL, a jihar Kolorado, ita ta ƙera ta, aka ƙaddamar da ita a 2021, kuma Tuson da gundumar Pima da garin yake ciki suna daga cikin waɗanda suka fara gwada ta. Dokokin aikin lantarki da na gini da na kariyar gobara aka ɗauko aka zuba mata. Tana duba ko rufin zai ɗauki nauyin, ko an bar wa ƴan kwana-kwana hanyar takawa tsakanin panno da bakin rufi, ko akwai maɓallin da zai kashe wutar gaba ɗaya in gobara ta tashi. Sai mai lasisin aikin ne yake iya shiga. Tare da izinin tana fitar da jerin abubuwan da mai duba aiki zai zo ya gani bayan an gama, saboda haka mu da shi takarda ɗaya muke karantawa. Jihar Kalifoniya ma ta yi doka a 2022 ta tilasta wa yawancin garuruwanta su koma bayar da wannan izini ta intanet nan take.

Saurin ya burge ni, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙin da kwamfutar ta yi. Ta ƙi, kuma ta faɗi dalili, a lokacin, ba tare da an roƙe ta ba. Sai na tuna Yayana lokacin da yake neman takardar gini a wani ofishi a gida. Mutum mai furfura, mai iyali, yana tsaye a bakin taga yana ce wa yaron da bai kai ɗansa ba "ranka ya daɗe". Yau a ce mai sa hannu ya tafi misyon, gobe a ce ya tafi jana'iza, jibi a ce tambur ɗin bai cika ba. Ba a taɓa ce masa ga abin da ya rage a takardarka, je ka gyara ba. Da an faɗa masa, da ya gyara a yini ɗaya. Ɓoye dalilin shi ne jarin mai riƙe da takarda, domin muddin ba ka san laifinka ba, dole ka koma neman wanda ya san wani. Yaya ya dawo gida ranar nan bai ci abinci ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Kada ku ɗauka komai a nan daidai yake. Kowane gari da nasa tsarin, garuruwan kuma dubbai ne. Ka yi tafiyar da ba ta kai daga Zinder zuwa Mirriya ba, ka shiga yankin wata hukuma da har yanzu sai an aika mata zane ta ajiye shi makonni. Ko inda izinin ya fito nan take, bayan an gama aiki sai an jira mai duba aiki, sannan a jira kamfanin lantarki ya yarda a kunna. Na sha ganin panno a jere a saman gida, rana tana dukansu, a kashe, mai gida yana ci gaba da biyan kuɗin wuta. Ga tsada. Wat ɗaya a saman gida yana kaiwa wajen dalar Amurka 3, alhali a Ostireliya, inda kusan gida ɗaya cikin uku yake da panno, bai kai rabin haka ba. Fiye da rabin kuɗin nan kuma ba na kaya ba ne, na takardu ne da talla da ladan dillalai. Dillalan suna bin gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, su sa tsoho ya sa hannu a bashi mai ruwa na shekara 20 ko 25. Wannan yana ƙona mini rai sosai. Wani abin da zai ba ku mamaki, in wutar gari ta ɗauke, gidan da ba shi da batir shi ma sai ya yi duhu ko da rana tsaka, don an tsara inbata ta kashe kanta saboda kada wutar panno ta kama masu gyaran layi.

A nan ne nake kewar gida. Ka shiga Kasuwar Dole da safe, ka yi ciniki, a ɗora maka panno da batir a kan amalanke, kafin la'asar fanka tana juyawa a ɗakin Inna. Lokacin da Nijeriya ta yanke layin wuta a watan Agusta na 2023, mu da Maraɗi da muke sha daga layin Katsina mun ji jiki, kuma wannan sauƙin sayen shi ya ceci gidaje da masu sayar da ruwan sanyi da masu cajin waya.

Amma ƴan uwa, mu gaya wa kanmu gaskiya, yadda muke haɗa sola a gida ganganci ne. Wayar da kwamfutar nan ta ƙi karɓa ta fi wadda na gani a gidaje da yawa a Birni da Zango kauri. Muna jan wuta daga batir da siririyar waya ba fis, mu murɗe bakin da hannu mu naɗe da leda. Muna ajiye batir mai ruwa a ɗakin da yara suke kwana, ƙofa da taga a rufe. Panno a danne shi da bulo biyu a saman kwano, iskar farkon damina ta ɗauke shi ta jefa gidan maƙwabci. Ƙurar hunturu ta rufe shi wata guda ba mai hawa ya goge, sai a ce kayan ne ba su da kyau. Wani lokaci kuma da gaske kayan ne, a rubuta wat 300 a bayansa alhali ba ya ba da haka, kuma babu inda za ka kai ƙara. Yaron da ya tsaya kusa da mai gyara na ƴan makonni, gobe shi ma ya zama injiniya, mu kuma mu ɗauke shi saboda ya fi araha da jika biyu. Inda takarda ba ta kare komai mun tara ta, inda dubawa za ta hana gida ƙonewa kuma babu mai leƙowa.

Abin ya fi ciwo in ka tuna mu ba baƙi ba ne a wannan fanni. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya jagoranci ONERSOL, ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, tun 1969 yana binciken hasken rana, lokacin da ƙasashe da yawa ba su waiwayi abin ba. Muna da tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 tun 2023. A Zinder muna da jami'ar André Salifou da matasa masu karatun lantarki da kwamfuta.

Tsorona ɗaya, kada wani ya karanta wannan ya ce a buɗe sabuwar taga ta "izinin sola" da sabon tambur. In aka yi haka an ƙara wa talaka layi, kuma ba wanda zai je. Abin da nake roƙon ma'aikatar magajin gari shi ne ƙa'ida a shafi ɗaya, da Hausa da Faransanci: ga kaurin waya ga kowane girman panno, ga inda ake sa fis, ga inda ba a ajiye batir. A sa ta a wayar salula, mai haɗawa ya shigar da kayansa ta ce masa e ko a'a da dalili, kyauta. A fitar da sunayen masu haɗawar da suka ci jarrabawa, kowa ya gani. Ɗaliban jami'armu za su iya rubuta wannan manhaja.

Kafin a kai can, kai ƙanena da nake ta yi wa magana a waya, ka fitar da batir ɗin nan daga ɗakin Inna ka sa masa fis. Ka ce mini sai bayan Sallah. Kuɗin na aiko, a yi shi a wannan makon.