Batir, adafta ko akwatin raba wuta: abin da mai jita zai duba kafin ya saya

Mai kaɗa jita a Kano, ko a ɗakin biki yake wasa ko a majami'un Sabon Gari, yakan zuba kuɗi wajen sayen fedal, wato ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita, sannan ya yi sakaci da abin da zai ba su wuta. Galibinsu bolt 9 na wutar DC suke so, ta filogi mai milimita 2.1 wanda tsakiyarsa negatif ce, tsarin da kamfanin Boss ya yaɗa. Yawancin adaftocin gida akasin haka suke, kuma suna iya lalata fedal ko da bakinsu ya shiga daidai.

Batir mai bolt 9 ya fi kowace hanya tsabtar sauti, kuma babu ruwansa da ɗauke wuta. Fedal mai kaurara sauti irin na da, wanda yawanci bai wuce miliamfa 10 yake ja ba (miliamfa shi ne ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja), zai daɗe a kansa, muddin ana zare wayar jita daga fedal ɗin bayan wasa, domin barinta a ciki yana shanye batirin ko da fedal ɗin a kashe yake. Amma na dijital masu maimaita sauti suna iya jan miliamfa 100 zuwa 300, wasu ma ba su da gurbin batir.

Adafta ɗaya mai waya mai rassa, irin 1 Spot ta Truetone da ke ba da miliamfa 1700, ita ce mai sauƙin kuɗi, kuma ta wadatar da mai fedal uku ko huɗu. Aibinta shi ne duka a layi ɗaya suke sha, don haka idan aka haɗa na dijital da na analog, wato irin na da, ƙugi ko siririn fito yakan kutsa cikin sautin. A ɗaki ba lallai a lura ba, sai an ɗaga lasifikokin biki abin yake fitowa fili.

A ganina, wanda jita ce sana'arsa ya daure ya sayi akwatin raba wuta wanda kowace kafa take da keɓantacciyar wutarta. Sai dai a nan ne ake tafka kuskure da kayan gwanjo. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma akwati mai taransfoma kamar Pedal Power 2 Plus na Voodoo Lab ana ƙera shi ne don ɗaya daga ciki. Wanda aka yi wa Amurka zai ƙone a soket ɗinmu idan babu na'urar rage wuta. Irin su Zuma da Ojai na Strymon kuwa suna karɓar bolt 100 zuwa 240, abin da yake da amfani sosai a wurin da janareta ke hawa da sauka kowane lokacin da aka kunna fitilun dandali.

Akwai kuma masu amfani da fawa-banki tare da wayar da ke ɗaga bolt 5 zuwa 9, ta yadda fedal ba ya mutuwa lokacin sauyawa zuwa janareta, amma masu arha cikin wayoyin suna kawo ƙara.

Kafin a tafi kasuwa, a rubuta bolt da miliamfan kowane fedal, a tara jimilla, a bar rara a kai, a ware masu son bolt 12 ko 18 ko wutar AC. A kuma tafi da jita da fedal ɗin zuwa shago, a gwada da amfilifaya a buɗe kafin a biya.