Bitar tsarin AirCover na Airbnb: me yake yi wa mai gida idan baƙi sun bar ƙazanta?

Duk wanda ke bayar da gidansa haya ga masu zuwa hutu na 'yan kwanaki ya san cewa lokaci mafi nauyi a wannan sana'a shi ne 'yan sa'o'in da ke tsakanin fitar baƙo da shigowar wani. A wannan ɗan tsakanin ne ake buɗe ƙofa a ga halin da aka bar gidan, kuma a nan ne ake gane ko kariyar da aka yi wa mai gida alkawari tana da amfani. Tsarin da nake bita shi ne AirCover, tsarin kariya da kamfanin Airbnb, mai manhajar da ke haɗa masu gida da baƙi, ya ƙaddamar wa masu masauki a watan Nuwamban 2021, kuma ma'aunina guda ɗaya ne: me yake tsinana wa mai gida ranar da baƙi suka bar masa ƙazanta?

Asalin tsarin yana bayyana halinsa. A shekarar 2011 wata mai masauki a birnin San Faransisko na Amurka ta dawo daga tafiya ta tarar baƙi sun yi wa gidanta kaca-kaca sun kuma yi mata sata, kuma surutun da labarin ya jawo ne ya sa kamfanin ya fito da alkawarin diyya har dala 50,000. A 2012 aka ɗaga adadin zuwa dala miliyan 1, sannan a ƙarshen 2022 ya kai dala miliyan 3. An gina tsarin ne domin babbar ɓarna, alhali abin da ya fi addabar yawancin masu gida ƙaramin abu ne da ke maimaituwa, wato baƙon da bai fasa komai ba amma ya bar gida kamar juji.

Abubuwan yabo suna nan, kuma ba ƙanana ba ne. Mai gida ba ya biyan wani kuɗi na daban domin wannan kariya, ba ya kuma cike takardar shiga, domin tana tafe da kowace hayar da aka ƙulla ta manhajar. Bayan kayan ɗaki da suka lalace, tsarin ya amince da biyan kuɗin tsaftacewa ta musamman a wasu halaye da ya ambata: tabon da baƙi suka bari, kashi ko fitsarin dabbobin da suka zo da su, warin hayaƙin taba, da ƙarin aikin da ya taso saboda an shigo da mutanen da mai gida bai amince da su ba. Batun warin taba ya cancanci yabo na musamman, domin hayaƙi yana shiga labule da katifa da kujerun falo, kuma buɗe tagogi na yini ɗaya ba ya fitar da shi. Haka kuma, idan ɓarnar ta kai ga dole a soke zuwan baƙin da suka riga suka kama gidan, ana iya neman diyyar kuɗin da aka rasa, wanda sau da yawa ya fi kuɗin gyaran kansa yawa.

Raunin tsarin yana wajen iyakar da ya shata tsakanin ɓarna da ƙazanta. Wanke-wanke, wankin zannuwan gado da kwashe shara duk ana ɗaukarsu aikin da aka saba yi bayan fitar kowane baƙo, saboda haka ba a biyan diyyarsu. A ƙa'ida wannan daidai ne, tunda mai gida yana da damar sanya kuɗin tsaftacewa a cikin farashinsa. Sai dai ƙazanta hawa-hawa ce. Akwai bambanci mai girma tsakanin faranti uku a wurin wanke-wanke da kicin ɗin da aka ƙona tukwane a cikinsa, maiƙo ya daskare a kan murhu, ragowar abinci ta kwana biyu a kan tebur har ta jawo ƙwari, an kuma toshe magudanar banɗaki da gashi. Babu abin da ya fashe a irin wannan gida, amma mai shara da ta saba gamawa cikin sa'o'i biyu za ta iya wuni a ciki, ga shi kuma wasu baƙin suna kan hanya. A ganina wannan ita ce asarar da aka fi yi a sana'ar, kuma ita ce mafi wuyar shigarwa cikin jerin abubuwan da ake biya. Mai gidan da ya gaji da ita yakan ƙara kuɗin tsaftacewa ga kowa, wanda hakan ke nufin baƙi masu tsafta ne ke biyan laifin marasa tsafta, ko kuma ya rubuta wa masu fita dogon jerin ayyuka, abin da baƙi suka daɗe suna kuka da shi.

Hanyar neman diyya a bayyane take. Dole ne a shigar da buƙata cikin kwana 14 daga fitar baƙon, ta sashen sasanta rikici na manhajar, kuma baƙon ake fara nema ya biya. Idan ya ƙi, ko ya biya wani ɓangare kawai, ko ya yi shiru har sa'o'i 24, sai mai gida ya nemi kamfanin ya shiga maganar. Na yarda da fara tuntuɓar baƙo, domin akwai mutanen kirki da ke amsa laifinsu su biya da zarar an nuna musu hoto cikin ladabi. Amma wa'adin rubuta sharhi, inda baƙo ke ba mai gida maki da taurari, shi ma kwana 14 ne, kuma ba a bayyana sharhin kowa sai duka ɓangarorin sun rubuta ko wa'adin ya cika. Saboda haka mai gida yana neman kuɗi ne daga mutumin da har yanzu yake riƙe da taurarinsa a hannu. Kamfanin yana da ƙa'idar cire sharhin ramuwar gayya, amma sai an nemi hakan an kuma kawo hujja, kuma wannan fargabar ce ke sa masu gida da yawa su haƙura da ƙaramar asara.

Komai a wannan tsari yana rataye ne a kan hujja. Tun ranar 30 ga Afrilun 2024 kamfanin ya haramta sanya kyamara a cikin gidajen haya, kuma ina goyon bayan wannan hukunci ba tare da wata tantama ba, domin babu katifar da darajarta ta kai sirrin mutum. Abin da ya rage wa mai gida shi ne hotunan kowane ɗaki kafin baƙo ya shiga, da wasu hotunan bayan ya fita tun kafin a taɓa komai, da rasit na aikin da aka yi. Wannan yana buƙatar a fahimtar da masu shara sosai, domin ɗabi'ar mai aikin kirki ita ce ta fara gogewa da zarar ta ga datti, alhali gogewar ce ke share shaidar. Yana da kyau kuma a bar duk wata magana da baƙo a cikin manhajar, inda masu yanke hukunci za su iya karanta ta, a kuma rubuta dokokin gida ƙarara tun a cikin tallar gidan, musamman game da shan taba, dabbobi da yawan mutane. Haramcin yin biki a gidajen haya, wanda kamfanin ya fara a 2020 ya kuma mayar da shi na dindindin a 2022, yana ƙarfafa hujjar mai gida idan taron jama'a ne ya jawo ƙazantar.

Kamfanin da kansa ya bayyana cewa kariyar ɓarnar ba inshora ba ce, ba ta biyan tsufan kaya na yau da gobe, kuma yawancin masu masauki ba su da izinin karɓar kuɗin ajiya daga baƙi. Don haka ina ba da shawarar tsarin ga mai gida a matsayin kariya daga tabo, wari da karyewar kaya, amma ya riƙe inshorar da ta dace da haya ta gajeren lokaci, ya kuma bar tazara isasshiya tsakanin lokacin fita da na shiga, ya yi yarjejeniya da masu shararsa tun da wuri a kan abin da zai biya su idan aikin ya zarce yadda aka saba.