Masu jinyar gida da suka kula da Babanmu

Jama'a salamu alaikum. Wata biyu kenan da rasuwar Babanmu, Allah ya jiƙansa, sai yanzu na iya zama in yi magana kan nas ɗin da ke zuwa gida duba marasa lafiyar da asibiti ya sallama, a nan Kano. Kansar hanta ce, likita ya ce mu koma gida a ci gaba da addu'a, to mun koma ɗin amma wallahi dare in ya yi Baba nishi yake har maƙwabta na ji, mu kuma daga tofi sai Panadol.

Sistar da masu jinyar gidan suka turo sau biyu take zuwa a sati. Ita ta kawo mofin na ruwa, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, duk awa huɗu, da maganin sakin ciki tunda mofin na ƙulle ciki, ta koya mana juya shi duk awa biyu kar bayansa ya yi gyambo, da jiƙa masa leɓe da auduga lokacin da ruwa ya daina wucewa.

Amma abin da ya tsaya min a rai, ranar da Baba ya ce mata "'yata, zan tashi kuwa?" duk muka yi caraf muka ce insha Allahu, ita kuwa ta durƙusa ta ce "Baba, rai na hannun Allah, amma jikin ya yi nisa, in akwai abin da kake son faɗa, ka faɗa yanzu." Hajiya ta ji haushi sosai, ni ma haka. Washegari Baba ya kira Yaya ya lissafa masa bashin da ake bin sa a Kantin Kwari, ya yi wasiyya bai wuce sulusi ba, ya aika aka kira ƙaninsa da suka shekara shida ba sa magana suka yafi juna suna kuka.

Inda suka gaza, da daddare ba sa ɗaga waya, kuma mofin ya taɓa yankewa kwana uku, mun ga tashin hankali. Kuɗin ma ba kowa zai iya ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki Sistar ta dawo gaida Hajiya da ke takaba, Hajiya ta riƙe hannunta ta ce na yafe miki maganar ranar nan, Allah ya biya ki.