Weaver, Chapman ko Isosceles: wace tsayuwa ta dace da mai harbi da ƙaramar bindiga?

Duk wanda ya bi wasannin Olamfik na birnin Faris a 2024 ya ga hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan miƙe da bindiga, ya kuma tashi da lambar azurfa a gasar maza da mata ta mita 10. Da yawa sun ɗauka ƙwambo ne. Alhali dokar wasan ce ta ce da hannu ɗaya ake harbi, ɗayan kuwa 'yan wasa kan soke shi a aljihu ko a bel don kada ya riƙa lilo yana kaɗa jiki. Bindigar ta iska ce, ƙwayarta milimita 4.5, kusan ba ta zabura. Saboda haka mai sha'awar wannan wasa an riga an zaɓa masa tsayuwarsa. Mai riƙo da hannu biyu shi ke da zaɓi, kuma tsayuwa uku ake ta kai-komo a kansu.

Kafin a yi nisa: a Najeriya ƙaramar bindiga na cikin makaman da doka ta hana riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa. Maganar nan ta jami'an tsaro ce da 'yan wasan harbi, a filin horo, gaban malami.

Wadda ta fara yin suna a cikinsu ita ce Weaver. Jack Weaver jami'in tsaro ne na gundumar Los Angeles, yana shiga gasar saurin harbi da Jeff Cooper ke shiryawa a Big Bear Lake, jihar Kalifoniya. A lokacin kusan kowa daga ƙugu yake harbi da hannu ɗaya, ga sauri amma ga yawan kuskure. Shi sai ya ɗaga bindigar daidai ido, ya riƙe da hannu biyu, ya cinye gasar a 1959. Cooper ya ɗauki salon ya yi ta koyar da shi a makarantarsa ta Gunsite da ya buɗe a Arizona a 1976, daga nan ya bazu.

Ga na-dama, ƙafar hagu ce gaba, ta dama a baya, jiki a karkace kamar ɗan dambe ya shigo fage. Gwiwoyin hannu a lanƙwashe, ta hagu na kallon ƙasa. Hannun dama na tura bindiga gaba, na hagu na jawo ta baya, wannan ja-in-jar ce ke danne bakinta idan ta tashi. Daɗinta, bindiga na kusa da jiki, nauyinta bai cika gajiyar da kafaɗa ba, kuma ba a saurin ture mutum baya. Tsadarta kuwa lokaci. Sai turawa da jawowa sun zo daidai a kowane harbi, in ɗaya ya rinjayi ɗaya harsashi ya kauce. Tsoka ce ke aikin duka, tsoka kuwa na gajiya, tana kuma rikicewa idan zuciya ta fara dukan uku-uku. Jami'i mai rigar sulke yana da ƙarin matsala, domin karkacewar na nuna hammata, inda rigar ba ta rufe ba.

Chapman gyaran Weaver ce. Ray Chapman, wanda ya ci gasar duniya ta farko ta saurin harbi da ƙaramar bindiga a Zurich a 1975, ya miƙe hannun dama sar, ya bar na hagu a lanƙwashe yana ja, kunci ya kusa kwanciya a kan damtse. Ƙashi ya karɓi rabin aikin tsoka. Tana taimakon marar ƙarfin hannu sosai, da na-daman da idonsa na hagu ya fi ƙarfi, don kwantar da kai na kawo idon kan saiti. Amma wuya na sagewa, kuma gefe ɗaya na filin ya kan ɓace maka.

Sai Isosceles, wadda ni ita zan ce sabon shiga ya fara da ita. Ka fuskanci abin harbi gaba-da-gaba, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, hannaye biyu a miƙe, su da ƙirji su ba da siffar alwatika. Tsohon salonta yana da aibi bayyananne: mutum a tsaye ƙyam, gwiwoyi a ƙage, harbi uku a jere sai ka ga yatsun ƙafarsa sun ɗaga, nauyi ya koma dunduniya. Rob Leatham da Brian Enos ne suka fito da darajarta a shekarun 1980 da suka riƙa cin gasa da ita, kuma salon da ya samo asali daga nan shi manyan 'yan gasa ke bi yau. Ana ɗan ja ƙafar dama baya, a sassauta gwiwoyi, a tura kafaɗu su wuce ƙugu, a bar gwiwar hannu da ɗan sako-sako. Zaburar bindiga sai ta bi hannaye biyu daidai ta shige jiki, bakinta ya ɗaga ya dawo inda ya baro. Wannan dawowar ita ce riba, domin harbi na biyu ba ya buƙatar sabon neman saiti.

Ga sauƙin koyo, tunda dama da hagu abu ɗaya suke yi. Ga juyawa kowane ɓangare daga ƙugu. Ko wane ido ne ya fi ƙarfi, bindiga na tsakiyar fuska, ɗan kautar da haɓa ya isa. Rigar sulke kuma na fuskantar inda aka yi ta don ta fuskanta. Abin da take nema shi ne riƙo mai ƙarfi, musamman daga hannun hagu, da wuyan hannu da ba ya lanƙwashewa. Mai ciwon kafaɗa ko gwiwar hannu zai ji a jikinsa tun kafin akwatin harsashi ya yi rabi, irinsa Weaver ta fi yi masa adalci, komai tsufanta.

Kada ka yanke shawara daga kallon bidiyo. Fara da gano idonka mai ƙarfi: haɗa tafuka ka bar ƙaramar kafa, ka hango wani abu mai nisa ta ciki da ido biyu, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da in shi kaɗai ne a buɗe abin ya tsaya a cikin kafar, shi ne mai ƙarfin. Bayan haka, da bindigar da kai da malaminka kuka tabbatar babu harsashi, bakinta na kallon inda aka tanada, yatsa nesa da kunama, ka gyara tsayuwa, ka rufe ido, ka ɗaga, ka buɗe. In saiti ya kauce gefe, ƙafafu za ka gyara, kada ka murɗa hannu. Ka sa malamin ya ɗan tura ka a kafaɗa, za ka san ko nauyinka na gaba.

Daga nan sai takarda ta yi hukunci. Harsashi goma-goma a kowace tsayuwa, nisa ɗaya, bindiga ɗaya, a fara a hankali sannan a sa agogo. A harbin nutsuwa da wuya ka ga bambanci, don a nan riƙo da matsa kunama suka fi tasiri. Sai an sa agogo ramukan ke fara warwatsewa, kuma tsayuwar da ta fi tara su wuri ɗaya ita za ka riƙe, ka ba ta watanni kafin ka sake taɓa wata. Idan kuwa rundunarka na da wadda take koyarwa kuma da ita ake jarrabawa, ita za ka fara ƙwarewa a kai.