Hattara da mai sayar da GH5 da ke cewa ya bar harkar fim

'Yan uwa masu shirya fim da kuɗin aljihunsu, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi. Akwai wani mutum da ke tallata kayan aiki a dunƙule a intanet: kyamarar Panasonic GH5, lens ɗaya, batir biyu da katin ajiya mai tambarin 128GB da V90, wato alamar saurin rubutunsa. Labarin da yake ba kowa ɗaya ne, wai ya bar sana'ar, kuma wata larura ta taso masa. Kama sunansa ba zai amfane ku ba, don sunan da ya ba ni daban, wanda ya ba wata 'yar uwa da ta faɗa hannunsa bayana daban, lambar waya ma haka. Hotunan kayan ne kawai ba ya canzawa.

Farashin ya yi ƙasa ƙwarai, amma na ce a raina GH5 tun 2017 ta fito, tsufa ne ya karya ta. Ya kuma turo min hoton ƙidayar shota, adadi ɗan kaɗan, ya ce ga shaida ba a wahalar da ita ba. Ku lura da wannan, don da shi yake kama mutane. Ƙidayar nan hotuna marasa motsi take lissafawa. Bidiyo ba ya motsa ta. Kyamara na iya shafe shekaru tana ɗaukar fim a rana da ƙura, ƙidayarta tana nan kamar ta sabuwa.

Kaya sun iso, kyamara ta kunnu, hankalina ya kwanta. Ranar ɗauka na sa ta a tsarin bidiyo na 4K mai megabit 400 a daƙiƙa, ba ta jima ba ta tsaya. Ga 'yan wasa suna jira, ga rana tana tafiya, sai na sauko zuwa 150 muka ci gaba. Na duba fitowa biyun farko, sun yi kyau. Muka wuni muna aiki, har da wata fitowa da jarumarmu ta yi kuka na gaske, wadda kowa a wurin ya san ba za a sake samun irinta a karo na biyu ba.

Da dare mai tace fim ya zuba katin a kwamfuta. Sunayen fayil duk suna nan, girmansu daidai, amma in ban da kusan minti 14 na farko babu abin da ke buɗewa. Katin jabu ne. Ainihin cikinsa 16GB ne, aka sauya bayanan da yake ba na'ura don ya riƙa cewa 128. Kyamara ta yarda da abin da ya faɗa mata, tana ta zuba masa, shi kuwa da ya cika sai sauran ya bi iska. Babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a taɓa ajiyewa ba. Mun gwada har asuba. Kuɗin kati ba komai ba ne a kan kuɗin haya, sufuri da haƙƙin mutanen da suka ba ni yininsu saboda sun yarda da ni.

Alamar kuwa tana bayan katin tun farko. Katin V60 ko V90 na gaske yana da layi biyu na haƙoran ƙarfe a bayansa. Nawa layi ɗaya ne. Lambar da ke bayan harafin V ita ce mafi ƙarancin megabait da kati zai rubuta a daƙiƙa. Megabit 400 daidai yake da megabait 50, shi ya sa ake son V60 zuwa sama, shi ya sa kuma kyamarar ta tsaya da safe. Duk katin da ya shigo hannunku, ko a cikin kwalinsa yake, ku sa shi a manhajar gwajin kati, H2testw in Windows gare ku, ko F3 a Mac da Linux. Suna cika katin tam, su karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. Yana cin lokaci, amma jabu ba ya tsallakewa. GH5 kuma ramin kati biyu gare ta, ana iya sa ta rubuta abu ɗaya a duka biyun lokaci guda.

Sauran matsalolin sun biyo baya. Mutumin ya ce an buɗe V-Log L, tsarin ɗauka da ke ba da damar gyara launi sosai wajen tacewa, wanda a GH5 sayensa ake yi daban, na duba babu. Batir ɗaya ya fara kumbura. Da na rufe lens na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, sai ga ɗigo masu haske da ba sa gusawa a hoton. Na kira shi, layi a kashe.

'Yar uwar da na ambata ko kwali ba ta gani ba. Da hotunan kyamarar da ke hannuna ya karɓi kafin alƙalaminta, sannan wani da ya ce shi ma'aikacin kamfanin aike ne ya kira ta yana neman kuɗin inshora, daga baya na kwastan.

In dole sai kun sayi na hannu daga nesa, ku nemi kiran bidiyo kai tsaye, mai sayarwa ya nuna lambar jikin kyamarar, ya ɗauki farin bango da duhu a gabanku, ya turo ainihin fayil ɗin, ba wanda WhatsApp ya matse ba. Ku jefa hotunan tallar a Google Lens ku ga ko sun taɓa fitowa wani wuri. Kada ku biya ta hanyar da ba ta da kariyar mai saye, irin zaɓin 'yan uwa da abokai na PayPal. In ya ce wani na jiran kayan, ku bar wa wancan ɗin.

Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya adana duk saƙonni da rasit, ya sanar da bankinsa yau, ya kai ƙara ga hukuma. Ni da 'yar uwar mun haɗa namu shaidun, katin ma yana ajiye. Mako mai zuwa za mu sake ɗaukar fitowar da ta salwanta.